Kwana Takwas a Maroko: Daɗin Tafiyar Ayari da Hattarar da Iyali Ke Bukata



A 'yan shekarun nan tallar tafiyar ayari ta yawaita a wayoyinmu. Kamfani zai tara mutum goma sha biyar ko ashirin, ya nema masu biza, ya kama otal, ya ɗauki hayar bas da ɗan jagora, a zaga da su garuruwa huɗu ko biyar cikin mako guda. Da can Dubai da Masar aka fi ji. Yanzu Maroko ta shigo sahu, musamman da yake a can ne birnin Fas yake, inda makwancin Shehu Ahmadu Tijjani yake. Shi ya sa ayarin da ke tashi daga Abuja kan haɗa mutane iri biyu: matasan ma'aurata masu neman hutu da hoto, da kuma iyaye da kakanni masu niyyar ziyara, waɗanda sau da yawa 'ya'yansu ne suka haɗa kuɗi suka biya masu.

A kantin maganin da nake aiki a Mararaba, tambayar da masu shirin irin wannan tafiya suka fi yi mini ita ce, "Wane magani zan riƙe?" Amsar ta dogara ne da sanin yadda tafiyar take. Na bi irin wannan ayari a watan Oktoba, mu goma sha takwas, daga yaro ɗan shekara bakwai zuwa Hajiya mai shekara saba'in da ɗoriya. Mun sauka a Kasablanka, muka wuce Rabat, muka kwana uku a Fas, muka ƙare a Marrakesh. Ga abin da idona ya gani, da abin da nake ganin ya kamata uwargida da maigida su sani kafin su biya kuɗi.

Shiri tun daga gida

Mutumin Mararaba ba ya bukatar a koya masa haƙurin zama cikin mota. Duk mai bin hanyar Keffi zuwa Abuja ya san cunkoson Nyanya da Kugbo, ga shi filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana can ɗaya gefen birni, bayan Lugbe. In aka haɗa wannan da jiran tantancewa da kusan awa biyar a sama, tsoho mai ciwon suga zai iya shafe rabin yini bai ci abincin kirki ba. Don haka maganinsa da ɗan abin taɓawa su zauna a jakar hannu. Allurar insulin kada ta shiga babban akwati, domin sanyin ɗakin kaya na jirgi zai iya daskarar da ita, kuma insulin da ta daskare ta lalace ko da ta narke daga baya. Haka nan akwati kan yi ɓatan hanya ya kwana biyu bai iso ba.

A tafi da kowane magani cikin kwalinsa na asali, a ƙara na kwana huɗu ko biyar a kan adadin kwanakin tafiya. A nemi likita ya rubuta takarda mai ɗauke da sunan ciwo da ainihin sunan kowane magani, wato sunan sinadarinsa, saboda sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Magungunan da doka ta sa wa ido, irin su tramadol da kodin da ƙwayoyin barci, kada a kuskura a ɗauke su babu takardar likita, kuma kada a karɓi saƙonsu daga kowa. A shekarar 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila hukuncin shekara uku a gidan yari saboda ƙwayoyin tramadol da aka samu a akwatinta.

Katin rigakafin ciwon shawara, wanda muke kira yalo kad, ana yin allurarsa aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Abu ɗaya ya sauƙaƙa mana: lokacin da muka je agogon Maroko daidai yake da na Najeriya, don haka babu wanda ya canja lokacin shan maganinsa.

Kasablanka da Rabat

Kasablanka gari ne na kasuwanci da tashar jiragen ruwa, kamar Legas ɗinsu. Abin da ake kai baƙo ya gani shi ne Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993. Wani sashe nasa a kan teku aka gina shi, hasumiyarsa kuma ta kai kimanin mita 200. Shi ne masallacin da aka fi sani da barin wanda ba Musulmi ba ya shiga kallo. Akasarin sauran masallatan ƙasar Musulmi kaɗai ke shiga, kuma wannan abin sani ne ga ayarin da ya tashi daga gari irin Mararaba, inda maƙwabta Musulmi da Kirista kan yi tafiya tare.

Daga nan zuwa Rabat, babban birnin ƙasar, kimanin kilomita 90 ne a kan titi mai santsi. Mun tsaya a Hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12 da nufin yin katafaren masallaci. Ya rasu a 1199, aikin ya tsaya, ginshiƙan na nan a jere har yau babu rufi. A gefe ɗaya akwai hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar, wanda a zamaninsa ƙasar ta samu 'yanci a 1956.

Tun a wannan rana ta farko muka gamu da abin da zai bi mu har ƙarshen tafiya: shayin na'a-na'a. Duk inda ka shiga, otal ko shago ko gida, da shi ake tarbarka, ana ɗaga buta sama ana tsiyaya shi cikin ƙananan kofunan gilashi. Yana da daɗi matuƙa, amma suga ne jibge a ciki, kuma a cikin buta ake zuba shi tun wajen dafawa. Mai ciwon suga da ya sha kofi biyar ko shida a yini don kunyar masu gida, ga burodi a kowane cin abinci, ga dabino, ga ruwan lemo, zai ga awonsa ya hau. Babu laifi a ce a kawo marar suga, sun saba da jin haka. Mai hawan jini shi ma ya yi hankali da zaitun da lemon tsami da ake jiƙawa cikin gishiri, waɗanda ake zubawa a tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu cikin tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa.

Fas, garin da ake takawa da ƙafa

Fas ce zuciyar tafiyar. Tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga cikinsa. Bas zai ajiye ku a bakin ƙofa, daga nan sai ƙafa. Lunguna ne dubbai, wasu ba su fi faɗin mutum biyu ba, ana gangarawa ana haurawa a kan duwatsu masu santsi. Jakai da alfadarai ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak" sai ka manne da bango. Wanda ya san cikin birnin Kano, wajen Kurmi da lungunan da ke kewaye da ita, zai ji kamar ya taɓa zuwa, sai dai nan a kan gangaren tudu ne.

Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai a Fas. Mazhabarsu Malikiyya ce. Karatun Alƙur'aninsu da ruwayar Warshu ne, irin na tsangayunmu, kuma bayan Magariba za ka ji ana karanta izu a tare da murya ɗaya. Rubutun da ke jikin bangon makarantunsu ɗan'uwan rubutun allonmu ne: fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wani dattijo cikin ayarinmu, wanda ya yi karatun allo a Zariya, ya tsaya yana bin rubutun da yatsa yana murmushi shi kaɗai.

Masallacin Ƙarawiyyin na tsakiyar birni. Tarihi ya nuna mace ce ta kafa shi a shekarar 859, Fatima al-Fihriyya, da dukiyar da ta gada, daga baya ya zama cibiyar karatu da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya. Ba nisa daga nan zawiyar Shehu Tijjani take, wanda ya rasu a garin a 1815. A cikinta ka ji Hausa, ka ji Wolof na mutanen Senegal, ka ji Fulatanci. Tsofaffin ayarinmu sun zauna sun yi shiru, wasu na hawaye. Wannan zaman shi ne dalilin tafiyarsu baki ɗaya.

A hanyar fitowa daga nan ne lamarin da ya fi tayar mana da hankali ya faru. Hajiya, mai ciwon suga, ta sha ƙwayarta da safe kamar kullum, amma ɗokin ziyara ya sa shayi kaɗai ta kurɓa. Mun yi tafiyar ƙafa ta fi awa uku, azahar ta gota, ɗan jagora kuma na cewa abinci sai an ƙara tsayawa wuri biyu. Sai na lura ta rage sauri, gumi na keto mata duk da iska mai sanyi, hannunta na rawa a kan carbi.

Na ce, "Hajiya, yaya jikin?"

Ta ce, "Lafiya lau 'yata, gajiya ce kawai. Kada ki tsayar da mutane saboda ni."

Muka zaunar da ita a dakalin wani shago. Na'urar awo ta nuna 58, alhali duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ne. Mai shagon ya miƙo ruwan lemo, ta sha rabin kofi, bayan minti 15 muka sake aunawa ya hau, sannan ta ci burodi da ƙwai. Ƙa'idar ke nan: rabin kofin lemo ko cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, a jira minti 15, a sake awo, a bi da abinci. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nemi asibiti. Magunguna irin su glibenclamide da insulin su suka fi jawo haka idan aka haɗa su da yunwa da doguwar tafiya. A wurin da motar asibiti ba ta iya shiga, suga ƙulli ɗaya a jaka ba ƙaramin abu ba ne. A kuma lura da irin amsar da Hajiya ta bayar. Iyayenmu ba sa son a ce sun zama nauyi, don haka duk wanda ya turo tsohonsa ya tabbata akwai wani takamaimai da ke sa masa ido.

A matsayina na mai haɗa magunguna, akwai wani wuri da na roƙa aka nuna mini. Kusa da kasuwar lalle akwai inda asibitin Sidi Faraj yake a da, wanda aka gina a wajen ƙarshen ƙarni na 13, da dukiyar waƙafi ake kula da marasa lafiya har da masu taɓin hankali. Asalin ginin ba ya nan, shaguna ne a wurin yanzu. A wannan asibiti ne wani saurayi, Alhasan al-Wazzan, ya yi aikin malanta na shekara biyu. Shi ne Turawa suka sani da Leo Africanus, wanda littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Sai majemar Shuwara, inda ake jeme fata cikin ɗaruruwan ramuka, kamar karofin Ƙofar Mata da aka faɗaɗa. Da farar ƙasa da kashin tattabara suke tausasa fatar, wari kuwa sai an ba ka ganyen na'a-na'a ka toshe hanci. Mai asma ya tsaya daga nesa. Abin da ɗan jagora bai faɗa ba, sai dattijon nan namu ne ya tuna mana: fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu ke gyarawa da bagaruwa, ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita zuwa kasuwannin arewacin Afirka, daga can Turawa su saya su kira ta fatar Maroko.

Shagon mai farar riga

Kusan kowace tafiyar ayari a ƙasar tana da tsayawa a shagon kayan ƙamshi da maganin gargajiya. Za a shigar da ku ɗaki mai bencina, bango cike da kwalabe, wani mutum sanye da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti ya fito ya fara bayani da Turanci da Larabci. Ya iya magana ƙwarai. Zai ɗaure habbatus sauda a ƙyalle ya ba kowa ya shaƙa, ya jefa ƙanƙarar mantol a ruwan zafi hanci ya buɗe nan take, kowa ya ce lallai wannan ya san aiki. Daga nan sai a raba kwanduna. A irin waɗannan shaguna abu ne sananne cewa ɗan jagora na da la'adarsa a kan abin da kuka saya, kuma farar riga ba shaidar karatu ba ce.

Akwai abubuwan da suka cancanci kuɗinka. Kayan miya irin su kamun da citta da haɗin da suke kira ras al-hanut suna da kyau. Haka sabulun zaitun baƙi da yumɓun wanka da ake kira gasul. Man argan na gaske daga kudu maso yammacin ƙasar yake fitowa, wajen Agadir da Essawira, inda ƙungiyoyin mata ke fasa ƙwallon da hannu. Iri biyu ne, na ci wanda aka soya ƙwallonsa, da na shafawa. Yana da tsada, don haka babbar kwalba mai arha ka san an surka ta. Za'afaran ma haka: sai an tsinke fure sama da 100,000 kafin a samu kilo ɗaya, saboda haka wanda aka cika maka leda da shi a kan kuɗi kaɗan wani fure ne mai kama da shi.

Inda na ɗaga murya shi ne lokacin da mutumin ya ɗauko wani gari marar suna ya ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini cikin wata uku, har mutum ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Hajiya ta riga ta miƙa hannu. Na matsa kusa na ce mata, "Hajiya, jiya kin ga abin da ƙwaya ɗaya da muka san ƙarfinta ta yi. Wannan ba mu san abin da ke ciki ba, ba mu san adadinsa ba." Ta mayar da shi. Ciwon suga da hawan jini lallaɓa su ake yi tsawon rai, kuma barin magani shi ke kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Kasancewar abu ganye ne ko saiwa bai sa ya zama marar illa ba. A Maroko kanta akwai wata saiwa da suke kira addad, wadda likitocinsu suka daɗe suna gargaɗi a kanta saboda tana lalata hanta, ta kuma kashe yara.

Abu uku nake roƙon a bari a kan kanta. Na farko zuma ko garin ƙarfin maza: a ƙasashe da dama an sha gano ana cakuɗa irinsu da sildenafil a ɓoye, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini kan faɗi warwas. Na biyu shayin rage ƙiba, wanda galibi filasko ne, gudawa kawai yake sawa. Na uku kwallin dutse mai ƙyalli. Yawancinsa na ɗauke da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, don haka kada a kawo shi tsaraba a ranbaɗa wa jariri.

Ta kan duwatsun Atlas

Daga Fas zuwa Marrakesh ta hanyar duwatsu yini guda ne cur a bas. Mun bi ta Ifran, gari mai tsayin sama da mita 1,600 inda dusar ƙanƙara ke zuba da hunturu, gidajensa masu rufin jan tayil kamar a Turai. Ko a Oktoba sai da kowa ya nemi rigar sanyi. Gaba kaɗan, a dajin Azru, birai ke fitowa bakin titi suna karɓar gyaɗa. A riƙe hannun yara. Ciwon haukan kare na nan a ƙasar, kuma duk cizo ko yaƙushin biri, kare ko kyanwa, a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Hanyar na da kwana-kwana, masu amai a mota su sha maganinsu kafin a tashi, su zauna a gaba. Dogon zama kuma na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga mai juna biyu, mai ƙiba, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. A sauka a taka a duk inda aka tsaya, a riƙa motsa ƙafa a zaune. Na ga mata da yawa sun ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki. Wannan dabara ce mai jawo ciwon mara da ciwon kai. Gara a sha ruwan, a gaya wa direba ya tsaya.

Marrakesh

Marrakesh jan gari ne, ganuwarsa da gidajensa duk launin jar ƙasa. Murabiɗai ne suka kafa shi a wajen 1070, hasumiyar Kutubiyya mai mita 77 kuma daga ko'ina ana hango ta. Nan ne aka kawo malamin nan Ahmad Baba na Timbuktu a 1594 bayan sojojin Maroko sun ci Songhai, ya zauna yana karantarwa shekaru kafin a bar shi ya koma gida. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, akasari a ƙauyukan duwatsun da ke kudu da birnin, ta taɓa wasu tsofaffin gine-ginen garin.

Da yamma kowa dandalin Jami'ul Fana yake nufa: masu wasa da maciji, makaɗa, masu gashi, hayaƙi ya turnuƙe. Ka'idar cin abinci a nan ita ce ta gida: abin da aka dafa a gabanka yana tururi, a rumfar da 'yan gari suka cika. Ruwan gora mai hatimi ya fi wa baƙo. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da suga ne kan gaba: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na suga, rabin cokali na gishiri, ko kuma a riƙe na leda daga gida tare da zinc na yara. Ƙwayar tsayar da gudawa ba ta yara ba ce, kuma ba a shan ta in akwai jini ko zazzaɓi. Mai shan metformin ko maganin hawan jini mai sa fitsari, in gudawa da amai suka yi yawa, ya nemi likita a ranar.

A dandalin akwai mata masu zanen lalle, wasu har kama hannunka suke yi kafin ka amince. 'Yan'uwa mata, a duba launin. Lalle na gaskiya ja ne ko ruwan ƙasa, kuma yana ɗaukar awanni kafin ya kama. Wanda ya yi baƙi ƙirin cikin rabin awa, sinadarin rinin gashi ne a ciki mai suna PPD, irin dayis ɗin da ake yi wa amare a nan gida. Illarsa kan fito bayan kwanaki, fata ta yi ƙaiƙayi ta tashi ƙuraje masu ruwa daidai da zanen, wani lokaci tabon ya zauna. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ko rinin gashi ta shafa nan gaba zai iya tayar mata. Kada a yi wa yara.

A daren kwana na shida yaron nan ɗan shekara bakwai ya tashi da zazzaɓi mai zafi. Nan akwai abin da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya riƙe. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da maleriya. Amma sauron Mararaba da ya ciji yaro mako guda ko biyu kafin tafiya, cutarsa a can za ta bayyana, a ƙasar da likita ba lallai ya fara tunaninta ba, maganinta kuma ba lallai a same shi a kantin unguwa ba. Mun gwada shi da ɗan abin gwajin gaggawa, layi biyu suka fito. Muka kai shi asibiti, kalmar farko da uwar ta faɗa ita ce daga Najeriya muke. Likita ya duba shi, ya amince da maganin da ta taho da shi daga gida, aka ba shi daidai nauyinsa. Kwana biyu yana gudu a harabar otal. Duk iyalin da za su tafi su riƙe abin gwaji da cikakken maganin maleriya, na manya da na yara daban. In yaro na amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi, asibiti kai tsaye.

Kantunan maganinsu sun burge ni. Alamarsu koren jinjirin wata ko koriyar alamar tarawa, farashi a buge yake a jikin kwali, kuma da dare ana liƙa sunan kantin da ke kan aiki a ƙofar waɗanda suka rufe. Sai dai kwalayen da Faransanci da Larabci suke. Doliprane da za a ba ka farasitamol ne, kada ka haɗa shi da Panadol ɗin da ke jakarka ka ninka adadi.

Kafin a biya kuɗi

A tambayi kamfani awa nawa za a yi a mota kowace rana, da awa nawa a ƙafa. A tambaya ko akwai inshorar lafiya cikin kuɗin, da abin da ta ƙunsa, domin asibitin kuɗi a can sai an biya. A tambaya ko masauki na da lifta, saboda tsofaffin gidajen da aka mayar otal a Fas da Marrakesh matakalarsu ƙunci gare ta da tsayi. A tambayi lokacin cin abinci, da ko za a iya ware wa tsoho rana ɗaya ya huta. A kuma zaɓi lokaci: da bazararsu, wajen Yuli da Agusta, zafin Marrakesh kan wuce digiri 40, yayin da watannin Afrilu da Oktoba suka fi sauƙi. Tsoho mai ciwo ya ga likitansa makonni kafin tafiya, ya sayi takalmi mai rufi ya saba da shi tun a gida, mai ciwon suga kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Maroko ƙasa ce da ta cancanci a gani, kuma kai iyaye su ga Fas da idonsu alheri ne babba. In dai za a haɗa kuɗin jirgi da otal, to a haɗa da takardar likita da ƙaramar jakar magani, a kuma sa mutum ɗaya da zai riƙa tafiya a bayan ayari tare da mai rauni.

 Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.